Kangarar Yara: Gado Ne Ko Riƙo?

Ina so in yi amfani da wannan fili na mujallarmu in yi bayani a kan wata matsala wadda kusan kowace unguwa take fama da ita, watau kangarar yara. A garinmu Rigachikun, idan yaro ya gagari kowa, magana iri biyu akan ji. Wasu su ce, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ubansa ya yi tashe a zamaninsa." Wasu kuwa su ce, "Uwarsa ce ta sangarta shi," ko kuma, "Abokai ne suka ɓata shi." Na farko sun ɗora abin a kan jini, na biyu sun ɗora shi a kan riƙo.

Sanin gaskiyar wannan al'amari yana da muhimmanci ƙwarai, domin abin da uba ya gaskata shi yake aikatawa. Wanda ya gaskata gado ne yakan fid da rai, ya sallama yaron ga duniya. Wanda ya gaskata rashin horo ne yakan ƙara bulala. Abin da na karanta daga binciken masana ya nuna cewa kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya ne, kuma kangara ta fi yin ƙarfi a inda gado da mugun riƙo suka haɗu a kan yaro ɗaya.

Mece Ce Kangara?

Da farko dai ya kamata mu bambanta ƙiriniya da kangara. Kowane yaro mai lafiya yana ƙiriniya. Wanda ya taɓa makara zuwa karatun dare, ko ya tsinki mangwaron maƙwabta sau ɗaya, ba shi ake nufi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa suna ɗaukar kangara a matsayin larura, kuma Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, a littafin da ta fitar a 2013, ta jera alamunta guda 15, ta kasa su kashi 4.

Kashi na farko shi ne cin zalin mutane da dabbobi, kamar tsokanar faɗa, da zare wuƙa ko fasasshiyar kwalba, da ƙwace, da azabtar da kyanwa ko kare. Na biyu ɓarnar dukiya da gangan, kamar cinna wa kayan mutane wuta. Na uku yaudara da sata, kamar fasa gida ko shago, da shirya ƙarya don cin abin hannun mutane. Na huɗu keta manyan dokoki, kamar gudu daga gida, da yawon dare ko gudun makaranta tun yaro bai kai shekara 13 ba. Ba a cewa yaro yana da wannan larura sai an ga aƙalla alamu 3 a tare da shi cikin wata 12, ɗaya daga ciki kuma cikin wata 6 na baya-bayan nan, sa'an nan abin ya kai ga ɓata masa karatu ko zama da mutane.

Littafin ya ƙiyasta cewa tsakanin 2 zuwa 10 cikin kowane yara 100 suna da ita, matsakaicin kuwa 4 ne, kuma ta fi yawa ga maza. Idan muka yi lissafi da 4 ɗin nan, garin da yake da yara 1,000 za a iya samun 40 a cikinsa. Har wa yau an raba ta biyu. Akwai wadda take farawa kafin shekara 10, ita ce ta fi naci, kuma ta fi bin mutum har girma. Akwai wadda take zuwa da tashen balaga, wadda yawanci takan lafa idan saurayi ya mallaki hankalinsa.

Rabon Gado

Yaya aka yi masana suka auna rabon jini, alhali uban da ya haifi yaro galibi shi ne kuma yake riƙonsa? Hanya biyu suka bi. Ta farko ita ce tagwaye. Mun koya a darasin ilmin halittu cewa tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya, ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne sak. Akwai kuma na ƙwai biyu, waɗanda suka yi tarayya a kimanin rabin ƙwayoyin gadon da suke bambanta mutane, kamar dai wa da ƙane. Dukansu gida ɗaya suke tashi, tukunya ɗaya suke ci. To, idan aka ga tagwayen ƙwai ɗaya sun fi na ƙwai biyu kama da juna wajen wani hali, an san da hannun gado a ciki.

A 2002 wasu masana biyu a Amurka, Rhee da Waldman, suka tattara bincike 51 da aka yi a kan tagwaye da 'ya'yan riƙo. Suka samu cewa kimanin kashi 41 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen wannan hali daga gado yake. Kashi 16 daga abin da 'yan gida ɗaya suka yi tarayya a kai ne, kashi 43 kuwa daga abin da kowane yaro ya gamu da shi shi kaɗai, kamar abokansa, ko ciwon da ya yi, ko irin yadda aka riƙe shi dabam da 'yan'uwansa. A lura, wannan lissafi na jama'a ne baki ɗaya, ba a iya ɗauko yaro guda a ce kashi kaza na halinsa daga ubansa yake.

Hanya ta biyu ita ce 'ya'yan riƙo. A ƙasar Denmak an bi tarihin yara 14,427 waɗanda wasu mutane dabam suka ɗauka suka riƙe tsakanin 1924 da 1947, aka buga sakamakon a 1984. Ga abin da aka gani game da maza daga cikinsu. Inda babu wanda kotu ta taɓa hukuntawa, ko cikin iyayen haihuwa ko na riƙo, kashi 13.5 cikin 100 na 'ya'yan ne suka faɗa hannun shari'a. Inda iyayen riƙo ne kaɗai masu laifi, kashi 14.7. Inda iyayen haihuwa ne kaɗai, kashi 20. Inda duka biyun ne, kashi 24.5.

Wannan ya tabbatar mana jini yana da tasiri, tun da yaron da ya tashi nesa da mahaifinsa yana iya ɗauko wani abu daga gare shi. Amma mu sake duba lamba ta ƙarshe. Ko a inda abin ya fi muni, cikin kowane yara 4, guda 3 ba su taɓa faɗawa hannun shari'a ba. Ashe ke nan barewa takan yi gudu ɗanta ya tafi a hankali. Mu da muka yi karatun addini ma mun san haka, domin ɗan Annabi Nuhu ya ƙi bin mahaifinsa, Annabi Ibrahim kuwa ya tashi a gidan masu gumaka amma ya ƙi su.

Kuma abin da ake gada ba sata ba ce ko sara. Babu jaririn da aka haifa da sanin fasa ƙofa. Abin da ake gada shi ne ɗabi'ar jiki, kamar saurin fushi, da gaggawar aikata abu kafin tunani, da rashin tsoro, da wahalar zama wuri ɗaya a natsu. Rashin tsoron nan kuwa, idan ya sami mai sarrafa shi, shi ne abin da ake nema ga sojan da ake horarwa a Jaji, nan kan hanyarmu ta zuwa Zariya, da ɗan kwana-kwana mai kutsawa cikin gobara. Idan bai samu ba, shi ne yake mai da yaro shugaban 'yan sara-suka.

Rabon Riƙo Da Wurin Zama

Riƙo yana farawa tun yaro yana ciki. An sha ganin cewa 'ya'yan matan da suka sha taba ko giya da juna biyu sun fi faɗawa wannan matsala. Bayan haihuwa kuma sai batun abinci. A tsibirin Morishus, wanda yake cikin ƙasashen Afirka, an bi wasu yara tun suna shekara 3, aka tarar cewa waɗanda suka yi fama da tamowa a wannan shekara sun fi sauran faɗa da rashin ji a shekara 8 da 11 da 17. Haka kuma gubar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa natsuwa da iya danne zuciya. Mu a Arewa mun ga ɓarnar dalma a Zamfara a 2010, inda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ta bar dubbai da guba a jini.

Na biyu shi ne zaman gida. Abubuwan da bincike ya fi nunawa su ne duka mai tsanani, da wulaƙanci, da faɗan iyaye a gaban yara, da rashin sanin inda yaro yake yini, da kuma horo marar tsari, watau yau a yi wa yaro dariya a kan laifi, gobe a kusa karya shi a kan wannan laifin. Mutuwar aure ma tana da nata rabo, musamman idan aka riƙa jefa yaro daga hannu zuwa hannu, yau yana wurin kaka, gobe wurin gwaggo, jibi wurin matar uba, babu wanda ya ɗauke shi nasa.

Wani masani Ba'amurke mai suna Gerald Patterson ya bayyana a 1982 yadda iyaye da yaro suke koya wa juna mugun hali ba su sani ba. Alal misali, uwa ta aiki yaro ɗebo ruwa, ya ƙi. Ta daka masa tsawa, ya faɗi ƙasa yana birgima da ihu. Ta gaji ta ƙyale shi, ta aiki ƙanwarsa. Yaro ya koyi cewa ihu yana raba shi da aiki, gobe sai ya ƙara. Ran da abin ya ishe ta ta ɗauko muciya, sai ya yi shiru, ita kuma ta koyi cewa duka ne kaɗai yake ji. Haka za su yi ta hauhawa, har a wayi gari yaron bai san wata hanyar biyan bukata ba sai ƙarfi, ya kuwa tafi da ita makaranta da kasuwa.

Na uku shi ne talauci. Talaka ba ya rasa tarbiyya don shi talaka ne, gidajen talakawa da yawa sun fid da mutanen kirki. Amma uban da ya fita tun asuba bai dawo ba sai dare, da uwar da ta dogara da tallar 'ya'yanta, da wuya su san abin da yaro ya yini yana yi. Rigachikun tana bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya, motoci da baƙi ba sa yankewa tun daga Kawo har Mararrabar Jos. Akwai arziki a cikin wannan, amma yaro ɗan shekara 8 da ya yini a bakin titi da farantin talla, ko da ƙoƙon bara nesa da iyayensa, yana ganin abin da ya fi ƙarfin shekarunsa, babu kuma babban da zai ce masa bari.

Na huɗu shi ne abokai da kayan maye. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma kangarar da take zuwa da balaga yawanci ta nan take shigowa. Kusan kowane babban gari yana da sunan da yake kiran irin waɗannan gungu: 'yan daba a Kano, ƙauraye a Katsina, 'yan kalare a Gombe, 'yan shara da 'yan sara-suka a Kaduna. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Yaron da dama can yake da gaggawa, idan ya ɗora tiramol ko sholisho a kai, ɗan birkin da ya rage masa ma ya tsinke.

Inda Biyun Suke Haɗuwa

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne na garin Dunedin a ƙasar Niyu Zilan. An ɗauki yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, ana bin rayuwarsu tun suna ƙanana har suka girma. A 2002 Avshalom Caspi da Terrie Moffitt da abokan aikinsu suka duba maza 442 daga cikinsu, suka auna wata ƙwayar gado mai suna MAOA, wadda take taimakawa wajen daidaita wasu sinadaran ƙwaƙwalwa. Wasu mutane suna da mai ƙarfi, wasu mai rauni.

Abin da aka gani shi ne, masu mai raunin da aka riƙe da kyau ba su fi kowa laifi ba. Amma masu mai raunin da aka azabtar ƙwarai suna yara, kashi 85 cikin 100 nasu sun tashi da wani nau'i na mugun hali. Masu mai raunin da suka sha mugun riƙo kashi 12 ne kacal na mazan, amma su ne suke da kashi 44 na hukuncin da kotu ta yanke a kan laifin ta'adi ga jikin mutane. Wasu masu bincike na baya sun sake samun irin wannan sakamako, wasu ba su samu ba, kuma yanzu masana sun yarda cewa ƙwayoyin gado masu yawan gaske ne suke taruwa, kowace da ɗan ƙaramin tasirinta. Duk da haka darasin yana nan. Manomin masara a Igabi ya san iri yana da nasa, ƙasa da ruwa da taki suna da nasu, kuma iri mai rauni shi ya fi bukatar kulawa.

Akwai wani ƙulli kuma. Uba mai zafin zuciya yana iya ba ɗansa zafin nan ta jini, sa'an nan ya ba shi gida mai duka. Yaro mai wuyar riƙo kuma shi ya fi jawo wa kansa bulala. Saboda haka yaron da duka ya fi yi wa illa, sau da yawa shi ne wanda aka fi duka.

Darasin Rigasa

Wannan magana ba ta nesa ba ce. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Ƙaramar Hukumarmu ta Igabi, suka fito da mutum fiye da 300, yara da samari da manya, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sake fito da mutum 147 daga wani gidan a Rigasar, aka kuma buɗe irin waɗannan wurare a Daura da Katsina da Zariya. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, don a gyara musu hali.

Ni a ganina waɗannan iyaye ba mugunta ce ta kai su ba, gajiya ce da rashin sanin inda za su nufa. Amma idan muka auna da abin da ya gabata, za mu ga an ɗauki yaro mai rauni an ƙara masa ainihin abin da yake rura wutar ciwonsa, watau azaba da wulaƙanci da rabuwa da gida. Bugu da ƙari, bincike a Amurka ya nuna cewa tara kangararru wuri ɗaya ba tare da kyakkyawar kulawa ba yakan sa su koya wa juna sababbin dabaru. Mari yana hana ƙafa tafiya, amma ba ya koya wa zuciya haƙuri.

Abin Da Za Mu Iya Yi

Jini ba a canza shi, amma riƙo yana hannunmu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Morishus ɗin nan an ɗauki wasu yara 'yan shekara 3 zuwa 5 aka ba su abinci mai gina jiki, da motsa jiki, da karatu mai kyau na shekara 2. Da suka kai shekara 17 sun fi takwarorinsu ƙarancin kangara, musamman waɗanda dama suke da tamowa.

Ga iyayenmu, hanyar da likitoci suka gwada suka ga amfaninta ba ta da tsada. A kafa dokoki kaɗan waɗanda yaro ya fahimta, uwa da uba su zama baki ɗaya a kansu. Idan ya karya, a hukunta shi nan take da abin da ba duka ba, kamar hana shi fita wasa, kuma kada ihu ya sa a janye. Idan ya yi abin kirki, ko ƙanƙane ne, a yaba masa a sa masa albarka, domin yaro kangararre yakan yi wata bai ji kalma mai daɗi ba. A san abokansa da inda yake yini. A daina kiransa ɓarawo ko ɗan asara, domin yaro yakan zama sunan da ake kiransa. Idan abin ya faskara, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, nan cikin Kaduna, kuma zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Jihar Kaduna ma ta kafa dokar kare yara a 2018.

Mu kuma ɗalibai muna da namu rabo. A makarantar kwana, siniya shi ne uba da uwa ga ɗan aji ɗaya wata da watanni. Wanda ya mai da bulala da ƙwace gari da sukari sana'arsa, ya sani yana iya zama shi ne mugun riƙon da ya haɗu da raunin wani yaro. Kada kuma mu guji ɗan'uwanmu don an ce ubansa ya taɓa zaman gidan yari, domin idan mutanen kirki suka rufe masa ƙofa, 'yan shara za su buɗe masa tasu.

Daga ƙarshe, ina tunatar da duk mai ɗa irin wannan cewa likitoci sun tabbatar yawancin yara kangararru ba sa zama miyagun manya, da yawa sukan natsu su riƙe gidajensu. Saboda haka bai kamata a fid da rai ba, bai kuma kamata a kai yaro inda za a ɗaure shi ba.